Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu riƙe da kuɗin ma'ash a Sudan: wa ke biyan fanshon babana?

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga shugabanninmu da Allah ya ɗora wa amanar kuɗin tsofaffin ma'aikatan gwamnati a Sudan, da masu rubuta kasafin kuɗin ƙasa, da duk wanda zai samu kujera a teburin gyara ranar da Allah ya kashe wutar wannan yaƙi. Ranku ya daɗe, Allah ya taya ku riƙo.

Ni ɗanku ne, Bahaushen Sudan, an haife ni a wata hilla, wato ƙauye, a bakin kogin Nil Azrak tsakanin Sinnar da Sinja, ba nisa da Mai Wurno. Yau shekara 14 ke nan ina Jidda ina riƙe da lissafin wani kantin kayan gini. Na san takardun ofisoshinku da Larabci ake karanta su, ƙanena ma ya yi alkawarin zai juya wannan zuwa Larabci ya aika inda ya dace, amma na fara rubuta ta da Hausa ne saboda da Hausa babana ya faɗa min maganar da ta hana ni barci, kuma ina so tsofaffinmu su ji an karanta musu ita da bakin da suke kuka da shi.

Watan jiya da daddare na taso daga aiki ina hanyar ɗaki, sai saƙon murya ya shigo min ta WhatsApp daga Gadarif, inda iyayena suke zaune tun da suka gudo. Baba ne. Ya gaishe ni, ya tambayi aiki da zafin Jidda, ya ce jikokinsa duk lafiya, sannan ya ce ma'ash ya shigo, wato abin da 'yan uwanmu na Kano da Damagaram ke ce wa fansho. Sai ya yi shiru, ina jin numfashinsa a wayar, can ya ce ya je sayen maganin hawan jini da na sukari kuɗin bai kai na sati biyu ba, in da hali in ɗan ƙara masa wani abu, "amma kar ka gaya wa innarku na roƙe ka." Wallahi kalmar roƙon nan ita ta tsaya min a wuya. Mutumin da ya yi shekara 36 yana koyar da 'ya'yan mutane a makarantun gwamnati, daga 1974 har 2010, wanda ko kan titi ne babu mai kiransa sai da Ustaz, wanda ɗalibansa wasu likitoci ne yanzu wasu hafsoshi, shi ne yau yake rage murya don kar matarsa ta ji yana neman kuɗin magani wajen ɗan da ya haifa.

Baba yana da wasu littattafai guda uku masu baƙin bango, irin na rajistar makaranta. Tun albashinsa na farko yake rubuta abin da ya karɓa da shuɗin biro, abin da aka cire masa kuma da ja, wata bayan wata bai taɓa tsallake ko ɗaya ba. A daminar 2024 da Sinja ta faɗi ƙarshen watan Yuni mutanenmu suka watse, an bar awaki, an bar firji, an bar buhunan dawa a ɗaki, kowa ya ɗauki abin da hannu zai iya. Shi Baba littattafan nan ya zuba a leda tare da fayil ɗinsa na aiki, ya ɗaure a ciki ƙarƙashin jallabiya. Inna ta ba ni labari daga baya, ta ce a hanya har faɗa ta yi masa, mutane suna ɗaukar abinci kai kana ɗaukar takarda, sai ya ce mata, "Hajiya, wannan ita ce shaidar bashin da nake bi."

Toh a kan wannan bashin nake muku magana. Kullum in an taɓo zancen ma'ash sai a ce babu kuɗi, asusun ma'ash yana da giɓi, ƙasa tana cikin yaƙi, a yi haƙuri. Mun ji, kuma ba mu ce ƙarya ba ne. Abin da nake tambaya shi ne giɓin nan wa yake cike shi yanzu haka, domin giɓi ba ya zama a sarari haka kawai, duk wata akwai aljihun da ake zarar kuɗin daga ciki ko an faɗa ko ba a faɗa ba.

Aikina lissafi ne, bari in yi magana da abin da na iya. Ma'ash adashi ne, irin wanda matanmu ke ce wa sanduk, ana zubi ana kwasa bi da bi. A tsarin da ake kai ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 17, jimla 25, kuma tun dokar 2016 aka haɗe asusun ma'ash na ma'aikatan gwamnati da na inshorar ma'aikatan kamfanoni suka koma asusu guda. Zubin masu aiki na yau da shi ake biyan waɗanda suka ajiye aiki, abin da ya yi saura sai a juya shi a filaye da gine-gine da hannun jari domin ya haihu kafin ranar buƙata. Toh malamin makarantar gwamnati wa ya ɗauke shi aiki? Gwamnati. Wa ke cire nasa zubin tun kuɗin bai taɓa hannunsa ba? Gwamnati. Ita ke naɗa masu kula da asusun, ita ke cewa ga inda za a juya kuɗin, ita ce kuma ke buga jine, wato kuɗin Sudan, da za a biya da shi. Wato ita ce uwar adashi, ita ce mai babban zubi, kuma maƙerar kuɗin ma a gidanta take. A unguwa in adashi ya fashe ai kowa ya san ƙofar da ake zuwa a buga.

Shi ma'aikaci bai taɓa fashin zubi ba, ba shi ma da ikon yi, daga sama ake yanke masa. Jan biron Baba shaida ne. Amma shekara da shekaru jaridun Khartum suna kawo koken cewa akwai jihohi da ma'aikatu da ba sa tura kasonsu a kan lokaci, wani lokacin har wanda aka cire daga albashin ma'aikaci sai a riƙe shi a toshe wata ɓaraka da shi. In haka ne dan Allah ku daina kiransa giɓi kamar wata annoba ce ta sauko daga sama, ku kira shi da sunansa, bashi ne asusun yake bin gwamnati. Ku fito da takarda ku ce jiha kaza ana binta kaza tun shekara kaza, ma'aikata kaza ana binta kaza. Ni a kantin da nake aiki in na ɓoye wa mai gida sunan wanda ya ci bashin siminti ko na kwana ɗaya, washegari ba ni da aiki.

Kuma ko da an zuba komai cif cif, akwai ɓarawon da ya fi kowa ɓarna, shi ba ya ma fasa ƙofa. Lokacin da Baba ya karɓi albashinsa na farko a 1974 jine ɗaya na Sudan ya kusa dala 3, eh, jine ne ya fi dala, yaran yanzu in ka gaya musu sai su ɗauka tatsuniya ce. Da irin wannan jinen aka fara cire masa zubi. A 1992 aka kawo dinari, dinari ɗaya jine 10. A 2007 aka sake dawo da jine, sabon jine ɗaya dinari 100, wato jine 1,000 na wancan da Baba ya sani. Sifili uku aka goge, shi ya sa har yau in mutanenmu suna ciniki za ka ji suna cewa miliyan alhali dubu suke nufi, bakinsu bai yarda da gogewar ba. Da ya ajiye aiki a 2010 dala ba ta kai sabon jine 3 ba, ma'ash ɗinsa a lokacin ba wani abin a zo a gani ba ne amma yana sayen buhun dawa da sukari da mai, Inna ta samu na cefane, baƙo ya zo a ba shi shayi da madara. Shekara ɗaya bayan nan, Yulin 2011, Sudan ta Kudu ta ɓalle ta tafi da kusan kashi uku cikin huɗu na man fetur, daga nan jine ya kama gangara ba birki. Ƙarshen 2018 farashin dala na hukuma ya kai jine 47 da rabi, burodi ya ninka uku, mutanen garin Atbara suka fito kan titi. Fabrairun 2021 a rana ɗaya aka mayar da dala daga 55 zuwa 375, a Yulin shekarar hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin 100. Kafin yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 dala tana wajen 600, a 2024 ta tsallake 2,000 a kasuwar bayan fage.

Na tuna 2020 da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi daga jine 425 zuwa 3,000, mutane suka yi ta murna, Baba ma ya kira ni yana cewa ƙila wannan karon za a tuna da su. Ni tun a ranar gabana ya faɗi domin na san babu sabon arzikin da ya shigo ƙasa, injin buga kuɗi kawai za a kunna. Kafin shekara ta zagayo kasuwa ta haɗiye ƙarin, ta haɗa da abin da ke hannun mutane tun da.

Duk mai lissafi ya san in kuɗi ya faɗi wanda ake bi bashi shi ke cin riba, mai bin bashi shi ke asara. A nan wa ake bi? Gwamnati. Wa ke bi? Tsoho. Ke nan ba tare da an kafa wata doka ba, ba tare da majalisa ta zauna ba, an rage wa Baba ma'ash ɗinsa an sake ragewa har ya koma kuɗin magani na kwana goma sha, a takarda kuma za a nuna an biya shi cikakke har da ƙari. Ga amsar farko ta tambayata: wanda ya fi kowa biyan giɓin nan shi ne ɗan fanshon da kansa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne in na kwatanta da bashin waje. Ana bin Sudan sama da dala biliyan 50. Saboda wannan bashin aka yi taro a Faris a Mayun 2021, a Yuni aka kai matakin fara yafe shi, juyin mulkin 25 ga Oktoba ya zo ya tsayar da komai. Shi wannan da kuɗin waje aka rubuta shi, yana nan daram, har ruwa yake ƙarawa, ministoci suna shiga jirgi su je su zauna a kansa da masu bi. Na Baba da jine aka rubuta, kullum narkewa yake kamar ƙanƙara a rana, babu wanda ya taɓa kiran taro saboda shi, babu wanda ya ce masa zo mu zauna mu ga yadda za mu biya ka. Alhali shi bai ba da rance don neman riba ba, guminsa ne aka ce ya bari a ajiye masa.

Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Na san za a ce ai gwamnati yanzu ba mai hali ba ce, zan zo kan wannan. Amma tun yanzu ina roƙonku da girman Allah kar a mayar da tsofaffin ma'aikata layin zakka da layin kayan agaji a ce an taimaka musu. Zakka tana da masu ita, kuma a Sudan ta yau sun yi yawan da ba ta isarsu. Baba ya taɓa tsayawa layin rabon abinci sau ɗaya a Gadarif, yaron da ke rubuta sunaye ya ɗago kai ya ce "Ustaz, kai ne?", ya tashi ya ba shi kujerarsa. Tun daga ranar bai sake zuwa ba.

Bayan tsoho, mai biya na biyu shi ne ɗansa. Mu da ake kira mugtaribin, da ke Jidda da Riyad da Makka da Madina da sauran ƙasashen Larabawa, mu ne asusun ma'ash ɗin da ba a rubuta a doka ba. Mu shida ne a ɗakinmu, huɗu iyayensu tsofaffin ma'aikata ne, akwai ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa, akwai ɗan ma'aikaciyar jinya, akwai wanda babansa ya ƙare ƙarfinsa a aikin noman Jazira. Ranar da aka yi albashi ba ka jin komai a ɗakin sai nawa riyal yake yau, wa ke da Bankak mai aiki, wato manhajar banki ta tura kuɗi a Sudan, wa zai ba tsohuwa kuɗi a hannu kuma nawa zai cire nasa. A Fabrairun 2024 da aka ɗauke sabis a Sudan na yi kwanaki ina zaune da riyal a aljihu ban san ko iyayena sun ci abinci ba, ban taɓa jin kuɗi ya zame min banza kamar lokacin ba. Kuma ku sani, ranku ya daɗe, mu ɗin nan ba mu da fansho a ko'ina. A Saudiyya baƙo ba ya cikin tsarin fanshon tsufa, abin da mai gida ke zuba masa kashi 2 ne na raunin aiki, in ya gama sai kuɗin sallama, rabin albashin wata a kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken wata a kan kowace shekara bayan nan, shi ke nan, ikama, wato takardar izinin zama, ta ƙare ka kama hanya. Ni da kaina a 2018 na mayar da matata da yara gida saboda kuɗin da aka sa wa iyalin baƙi, wanda ya fara da riyal 100 a kan kowane mutum a wata a 2017 ya hau har 400, ga shi kuma tsofaffin unguwannin da muke samun haya mai sauƙi an rushe su a 2022. Ɗan abin da ya kamata in tara wa tsufana shi nake turawa duk wata. Ban yi nadama ba ko kaɗan, uba ne, ko jinina ya nema zan ba shi. Amma a rubuta shi a lissafi yadda yake: giɓin da aka ƙi cikewa a 2010 an turo min shi, ni kuma in na tsufa hannu wofi zan tura wa ɗana.

Yanzu bari in faɗi abin da wasu 'yan fansho ba za su so ji ba. Akwai kawuna, ƙanin Inna, manomin riɗi da dawa ne a ƙasar Gadarif, shi ya sauki iyayena da iyalina a gidansa. Ranar da na gaya masa zan rubuta wannan wasiƙa sai ya ce min, "Kai kana kukan ma'ash ɗin babanka ya yi kaɗan, ni da na yi shekara 50 da fartanya wa zai ba ni ko jine ɗaya?" Na rasa abin da zan ce masa domin gaskiya ya faɗa. Yawancin Hausawan Sudan ba su taɓa karɓar albashin gwamnati ba. Manoma ne, masunta ne a bakin kogi, masu agashe ne, mata masu shayi da gyaɗa da godo-godo a bakin kasuwa. Kakanninmu suna cikin waɗanda suka tsinci audugar Jazira tun da aka buɗe madatsar Sinnar a 1925, suka mutu ba takarda ba sallama. Har gobe akwai ɗanmu da ke shan tambayoyi wajen neman lambar ƙasa, ko da yake ban taɓa jin an tambayi Baba asalin kakansa ba ranar cire zubi. Waɗannan mutanen su ma suna biya. Suna biyan harajin kaya na kashi 17 a kan abin da suka saya, Kawu yana biyan jibaya, wato harajin hukuma, a kan buhun riɗinsa kafin ya isa kasuwa, kuma duk ranar da aka buga sabon kuɗi don a biya albashi da ma'ash, cinikin Goggo mai shayi na jiya ba ya sayen sukarin yau. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Shi ya sa ban zo in ce muku ku buga kuɗi ku ninka ma'ash ba, an yi a baya mun ga ƙarshensa. Ban kuma yarda a ɗora a kan sukari da man girki da gas ɗin noma ba, wannan cire wa Kawu ne a ba Baba, su biyun kuma a tukunya ɗaya suke ci. Abin da na iya ce wa Kawu daga baya shi ne 'ya'yansa a hannun malamai irin Baba suka koyi karatu, in kowa ya ga yadda malami ke ƙarewa, wane yaro mai ƙwaƙwalwa ne zai yarda a tura shi koyarwa a hillarmu?

Su ma malaman da ke aiki yanzu a tausaya musu. Bayan yaƙi ya tashi sun yi watanni ba albashi, makarantu a rufe, wasu ajinsu ya koma masaukin 'yan gudun hijira, ƙanwar matata malama ce ta koma sayar da kisra. Masana'antun Bahri da kamfanonin Khartum da ke zuba babban kaso a asusun sun tsaya, da yawa an wawashe su, ke nan masu zubi sun ragu, masu jiran kwasa suna nan, marayu da zawarawa kuma sun ƙaru. In aka ce maganin shi ne a ƙara wa ɗan abin da ya rage na masu albashi kashin da ake cirewa, an ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Ba Sudan kaɗai ke da wannan ciwon ba. Nan Saudiyya da arzikin manta ta zauna ta duba lissafinta, a 2021 ta haɗe hukumar fanshon ma'aikatan gwamnati da ta inshora, a Yulin 2024 ta fito da sabuwar doka, sabbin shiga aiki za su kai shekara 65, zubinsu zai riƙa hawa da rabin kashi duk shekara daga 9 har ya kai 11, na mai gida ma haka, waɗanda suka riga suka ajiye aiki kuma ba a taɓa nasu ba. Abin da ya burge ni shi ne an fito an faɗa, kowa ya san abin da zai biya da ranar da zai fara, kuma riyal yana nan a 3.75 a kan dala tun 1986, abin da aka yi wa mutum alkawari shi zai tarar. Najeriya kuma tun 2004 zamanin Obasanjo ta koma tsarin kowa da asusunsa, dokar 2014 ta sa ma'aikaci kashi 8 mai gida kashi 10, amma alhazan da nake haɗuwa da su in sun zo Umara suna gaya min tun da naira ta faɗi a 2023 tsofaffinsu ma kuka suke. Don haka in wani ya zo muku da shawarar a canza tsari kawai, ku tambaye shi da wane kuɗi za a ajiye, kuma wa zai tilasta wa gwamnati ta zuba nata.

Na dawo kan maganar hali. Ƙasar da ta haƙo zinariya sama da tan 60 a 2024, tana tsakiyar yaƙi, ba za a ce ba ta da komai ba. Abdalla Hamdok da bakinsa ya koka a 2020 yana firaminista cewa mafi yawan kamfanonin gwamnati ba sa ƙarƙashin ikon ma'aikatar kuɗi. Akwai filaye, akwai tashar jiragen ruwa, akwai hannun jarin gwamnati a wurare da dama. Wanda ake bi bashi in ba shi da kuɗi a hannu ai kadara yake bayarwa, haka muke yi a kasuwa, haka alƙali ke hukuntawa. A ware wani sanannen kaso na kuɗin zinariya, a rubuta shi a doka, ya riƙa shiga asusun ma'ash kai tsaye har a gama biyan abin da jihohi da ma'aikatu suka riƙe, kuma a ƙirga bashin da darajarsa ta ranar da aka riƙe shi, kar a zo a biya jinen 2012 da jinen yau a ce an sauke nauyi.

Sannan mafi ƙarancin ma'ash a ɗaure shi da abin da tsoho ke saya da gaske, dawa, mai, sukari, gawayi, maganin hawan jini, a riƙa dubawa duk bayan 'yan watanni, domin adadin da aka rubuta a Janairu ya zama tarihi kafin azumi. In ba za a iya yi wa kowa lokaci guda ba a fara da na ƙasa, malamin firamare da ma'aikaciyar jinya da masinja da matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, manya masu gidajen haya su ɗan jira. A ba 'yan fansho da ma'aikata kujeru na gaske a majalisar da ke kula da asusun, waɗanda su suka zaɓa da kansu, kuma duk shekara a buga lissafi a fili, nawa ya shigo, nawa ya fita, gine-ginen da aka saya da kuɗinsu a Khartum wanne ya tsira wanne ya ƙone. Masu kuɗin ne, suna da haƙƙin su sani ko labarin ba daɗi.

Akwai kuma maganar takardu, wannan ita ce ta gaggawa. Ofisoshi da yawa sun ƙone ko an watsa fayilolinsu, mutane miliyoyi sun bar gidajensu ba tare da ko katin shaida ba. Ba kowa ne ya ɗaure littafi a ciki kamar Baba ba. Akwai maƙwabciyarmu, mijinta ya rasu a hanyar gudu, takardunsa duk sun tsaya a gidan da aka bari, da ta je wani ofishi neman haƙƙin marayunta aka ce ta kawo shaidar da ba za ta samu ba sai ta koma garin da ta gudo daga cikinsa. Ku sauƙaƙa wannan, ku karɓi shaidar abokan aiki da ta masu unguwa, ku biya mutum a inda gudu ya kai shi, ko Kasala ne ko Bur Sudan ko Masar ko Chadi, kar tsoho ya kashe kuɗin mota da ya fi ma'ash ɗin yawa don kawai ya je ya nuna yana da rai.

Bayan na tura wa Baba kuɗin maganin, ƙanena ya ɗauko min hoton shafin ƙarshe na littafinsa na uku. Har yanzu yana rubutawa. Na ga ya ja sabon layi a gefe da koren biro, a samansa ya rubuta "daga Jidda", duk abin da na taɓa turo masa tun 2018 yana ciki da kwanan wata. Na kira shi na ce Baba mene ne wannan kuma, ya ce rance ne yake karɓa a hannuna a madadin gwamnati, ranar da ta biya shi zai mayar min. Na ce na yafe duniya da lahira. Ya ce ba naka ba ne da za ka yafe, na 'ya'yanka ne.

Shekararsa 75 yanzu, shafukan da suka rage a littafin ba su fi goma ba, na ce ƙanena ya sayo masa sabo. Ina jiran amsarku, in ta zo ni zan karanta masa da kaina.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
daga Jidda.